Hayaƙi a Gidan Malam Hashimu

Tun da muka dawo ban huta ba. In na shiga kasuwar Gozaki sayen abduga, kafin in taya kwando ɗaya an kewaye ni da tambaya. Wai da gaske ne an tsare mu a iyakar Zazzau? Wai da gaske ne Jibo ya yi wanka da taɓo? Da me muka lallashi tsohuwar nan har ta yarda ta biyo mu? Wasu ma sun fara ba da labarin a gabana, sun ƙara masa kuraye da 'yan fashin da ni ban gani ba. To yau ga ni ga ku. Zan faɗe shi tun daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba, ni kuma a ƙyale ni in nemi abincina.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san waƙoƙin Malam Hashimu, ko bai san ƙofar gidansa ba. Makafi na rera su ranar Juma'a, mata na yin su a kan dutsen niƙa, malamai na kwafarsu suna kaiwa har Kano da Sakkwato. Waƙarsa ta masu tauye mudu, har gobe in aka ɗauko ta a kasuwa sai ka ga masu awo suna gyara zama. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Bai bar ɗa namiji ba. Da ya rasu ɗalibansa suka raba littattafan kowa ya kama gabansa, matarsa ta zauna har ita ma ta cika, daga nan gida ya koma na jemagu da awaki. Indararo ya faɗi, azara ta fara leƙowa, katangar baya ta kwanta.

Kun san al'adar garinmu. Gidan da ya daɗe hayaƙi bai tashi a cikinsa ba ya zama kango, kango kuwa na Sarkin gari ne, ya ba wanda ya ga dama. Sarkin Marina ba mugu ba ne, amma yana da ido. Ya lura ƙasar wurin mai riƙe ruwa ce, ga rijiya kusa, sai ya je ya roƙi Sarki a ba shi ya rushe ya haƙa sabon karofi, wato ramukan rini. Da muka ji, mu 'yan unguwa muka ɗunguma fada. Sarki ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce, "Ni ma waƙar Malam aka yi mani ina goye. Amma gida sai da mai shi. In akwai jininshi a duniya, ya zo ya hura wuta a ciki kafin ruwan farko ya sauka a garin nan, gida nashi ne. In ruwa ya riga shi, ƙasa ta yi taushi, marina su shiga da dagi."

Jinin Malam kuwa ɗaya muka sani ya rage, 'yarsa Gwaggo Kande, wadda aka kai aure ƙasar Zazzau tun ba a haife ni ba, ba a kuma ƙara ganin ta ba tun ranar jana'izarsa. Ga bazara ta yi nisa, an gama sharar gona. Aka zaɓe ni don na san hanya, aka haɗa ni da taubashina Malam Jibo don ya haddace waƙoƙin kaf, ana ganin bakin malami zai fi shiga kunnen tsohuwa. Wanda bai san Jibo ba, ƙato ne, muryarsa kamar zuma, amma yana tsoron kare, yana tsoron rafi, abin da ba ya tsoro a duniya akushi ne. Muka ɗauki guzuri da jakina mai farin baki, ba kaya a bayansa, don shi muke fata Gwaggo za ta hau.

Zangonmu na farko Danja. Hanya duk manoma ne, kowa ya tanadi irinsa, kowa idonsa na gabas. Duk wanda muka gaisa da shi sai ya ce, "Ya zafi? Allah shi kawo ruwa," mu kuma mu amsa ciki-ciki. Ban taɓa zaton akwai ranar da ɗan manomi kamar ni zai ga gajimare gabansa ya faɗi ba, sai a tafiyar nan.

Mun sauka gidan wani mai gishiri da na saba da shi. Tsautsayi ya sa na gabatar da Jibo da cewa babban malami ne. Bayan La'asar sai ga dattawan unguwa sun cika zaure, suka ce tun da Allah ya kawo musu baƙon malami, ya taimaka ya roƙa musu ruwa, ko gobe ma ya sauka. Jibo ya dube ni, ni kuma na dubi rufin zaure. Ƙin yi ba dama, mun riga mun sha furar mutane. Ya ɗaga hannu ya yi ta jan salati, ya daɗe, gumi na bin gemunsa. Can ya ce, "Allah ka ba mutanen Danja ruwa mai albarka, a gonakin Danja, iyakar Danja." Dattawa suka shafa suna jin daɗin yadda ya riƙe sunan garinsu. Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi. Da muka fita na ce masa, "Malam, yau ka yi ma rahamar Allah shinge." Ya ce, "Rufe mani baki, kai ka jawo."

Gaba da Danja akwai wani rafi da ya ƙafe, nan ƙasar Katsina ta ƙare ta Zazzau ta soma. A tsallake akwai rumfa, da wani mai karɓar kuɗin hanya da 'yan bakansa. Na sha wucewa nan da abduga, in ba da abin da ake bayarwa in yi gaba, ko fuskata ba ya duba. Ranar kuwa da ya ga jaki fayau sai ya miƙe zaune.

"Katsinawa biyu, jaki ba kaya. Me kuka zo saye?"

Na ce, "Ba saye muka zo ba, ranka shi daɗe. Tsohuwa muka zo ɗauka."

"Tsofaffin ƙasarku sun ƙare ne?"

Na yi masa bayanin kango da hayaƙi. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an yi tafiyar kwanaki saboda ɗakin da ya rushe ba, ya fi kyautata zaton mu masu leƙa wa mahara hanya ne. Aka zaunar da mu a rana, aka ɗaure jakin a inuwa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da rana ta fara cin ƙeyarmu, Jibo don tsoro ya soma rera waƙar Malam ta ranar hisabi a hankali, irin ta mai neman tsari. Bai yi nisa ba mutumin ya ɗaga hannu. Na ce shi ke nan, mun ƙara laifi. Sai ya ce, "Ba haka ake yin ta ba. Kuna gudu da ita kamar an biyo ku." Ya gyara murya ya ɗauka. Su can jan ta suke yi, su lanƙwasa ƙarshen kowane baiti har ka yi zaton ba za a kai na gaba ba. Mu kuwa sara muke yi mata kamar masu huɗa. 'Yan bakan suka jingine makamansu suna amshi. Jibo ya manta da tsoro, ya shiga gardama a kan wace ce ta asali, aka yi ta musayar baiti har inuwa ta juyo ta same mu inda muke. Mutumin ya ce uwarsa ce ke yi masa ita yana ƙarami, yau mun tuna masa da ita. Ya sake mu, ya haɗa mu da rake, ya ce in mun samu tsohuwar mu gaishe ta.

Raken nan ne ya jawo wankan taɓon da kuke tambaya. Jibo ya ce ƙafarsa ta gaji, ya haye jakina yana shan rake yana yi mini dariya. Muna shiga wata fadama jakin ya ga ɗanyar ciyawa, ya sunkuya ba sallama, Malam ya wuce ta kan kunnuwansa ya sauka a taɓo. Sai da na gama dariyata tukuna na miƙa masa hannu. Rawaninsa har yau bai koma fari ba.

An ce mana gidan mijin Gwaggo yana wani ƙauye gaba da Hunƙuyi. Da muka isa aka kai mu gidan mai saukar baƙi, wani dattijo da ake kira Baba Ɗanladi. Zage-zagi dai akwai gaisuwa. Mu a nan ka tambayi gida da gajiya ka wuce, su kuwa sai sun durƙusa sun bi dangi ɗaya-ɗaya, in an kai ƙarshe a sake komawa farko. Gwiwata ta yi tsami kafin a ba mu ruwa. Da abinci ya zo na leƙa akushi na ga abu ba tuwo ba, ba miya ba, ba kunu ba, ga ganye na yawo a ciki. Suka ce fate ne. Na tambaya ko tuwon yana tafe a baya, matan gida suka yi ta dariya ta bayan zana. Gaskiya yana da daɗi, ya ji yakuwa, amma kafin ka gama wanke hannu yunwa ta dawo. Jibo bai yi ƙorafi ba, ya shanye nasa ya taya ni nawa.

Da Baba Ɗanladi ya ji sunan Malam Hashimu sai fuskarsa ta washe, ya ce mu tashi mu ga abu. Ya kai mu wani ɗaki a gefen zaurensa, ya ce mu tuɓe takalma. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, amma an shafe shi da farar ƙasa, daɓe sumul, an yi turare. Ga buzu a shimfiɗe, ga 'yar tukunyar tawada a kusurwa, ga allo a jingine. Ya ce nan Malam ya zauna. Kowace shekara bayan girbi unguwa kan yi gayya a yaɓe ɗakin a sake jinka. Mata na karɓa-karɓa wajen shara, kuma duk baƙon da ya sauka garin sai an kawo shi ya gani, a rera masa baiti ko biyu kafin ya fita.

Na tsaya ina kallo, kunya da kishi suka kama ni. Mu da muke da gidan sukutum, awaki ke kwana a ciki. Ina cikin wannan sai na ji ya ce, "A ɗakin nan aka haife shi. Daga baya ne ya ɗan yi zama a wajenku."

Kun san ni da zuciya. Na ce, "Baba, damina ɗaya ya yi a garin nan yana karatu, duk Gozaki an san haka. Katangarmu ɗaya da shi."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "To ɗana, in mutum ya je garinku, me za ku nuna mishi?"

Nan na gane ba ɗaki kawai muke shirin rasawa ba. In marina suka haƙa wurin, jikokinmu za su tashi su ji ana cewa Malam Bazazzagi ne, su kuma ba su da abin da za su nuna su ce a'a.

Shi ne dai, Allah ya saka masa, ya gaya mana mun yi ɓatan kai. Mijin Gwaggo ya daɗe da rasuwa, ɗanta masaƙi ya ɗauke ta sun koma Maska. Wato tsohuwar da muka tsallake iyaka muka sha rana dominta, tana zaune a cikin ƙasarmu ta Katsina.

Muka juya yamma, muka bi ayarin wasu fatake masu kanwa, don ba a bin dajin nan mutum biyu. Da suka ji abin da ya fito da mu sai muka zama abin ba'arsu. In aka hura wutar girki a zango sai wani ya ce, "Mutanen Gozaki, ga hayaƙi nan, ku ɗiba a tandu ku kai gida." Madugunsu ne kaɗai bai yi dariya ba, ya ce shi ma rabonsa da gidan ubansa ya manta, bai san ko akwai mai kwana a ciki ba. A hanyar nan iska ta juya, ta fara zuwa da ɗan sanyi daga kudu, in rana ta faɗi kuma sai ka hango walƙiya can nesa. Jibo ya daina tsokanata, ni kuma abinci ya daina wuce mini.

Maska gari ne na saƙa, tun daga ƙofa kake jin ƙarar masaƙa ta ko'ina. Su kuma nasu halin, rigarka suke fara dubawa kafin fuskarka. Wanda muka fara yi wa sallama bai amsa ba sai da ya kama hannun rigata ya murza, ya tambayi wanda ya cuce ni. Da muka nemi gidan ɗiyar Malam Hashimu ba wanda ya sani. Da muka ce Gwaggo Kande mai daddawa sai kowa ya nuna, wasu har da yi mana fatan sa'a.

Mun same ta a tsakar gida tana kaɗi, 'yar firit, ba haƙori ko ɗaya a sama, amma ido kamar na shaho. Tun kafin in gama gaisuwa ta ce, "Waɗannan kunnuwan na gidan Mai Abduga ne. Kai ɗan wa ne a ciki?" Na faɗa. Ta tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu na ce sun rasu. Ta sa aka kawo mana dambu. Da muka ci na kwashe bayani na gaya mata, ban rage komai ba. Mazarinta bai tsaya ba.

Ta ce, "Yanzu kuka san Malam yana da ɗiya? Ran da ya rasu na zo da ƙafata. Ina cikin gida ina kuka, maza na zaure suna rabon littattafai. Ko alƙalami guda ba wanda ya ce a kai ma Kande. Ni da nake haɗa mashi tawada tun ban isa ɗaukar tulu ba. Ku je ku kira waɗanda suka kwashi takardun su hura maku wuta."

Jibo ya gyara zama ya ɗauko waƙar Malam ta haƙuri da zumunci, da muryar nan tasa mai sa mata hawaye. Bai yi nisa ba ta ce, "Malam, tsaya. Na san waƙar nan tun tana rabi, ina ji yana gyara ta. Ba don a yi mani wayo da ita ya yi ta ba." Jibo ya haɗiye sauran.

Muka yi magiya har bakinmu ya bushe. Ta ce ta gama magana, mu kwana mu huta mu koma. Raina ya ɓaci, na miƙe ina kakkaɓe riga, na ce wa Jibo, ba ma ita ba, "Tashi mu tahi. A bar ma Zage-zagi, dama sun ce a garinsu aka haife shi, har ɗakin suna nuna ma baƙi."

Mazarin ya tsaya.

"Wa ya ce?"

Na gaya mata abin da muka gani, da farar ƙasar da buzun da turaren. Sai ta ce, "Kakata ta kama hannuna ta kai ni ta nuna mani inda ta binne cibiyarshi. Ni kaɗai na rage da na san wurin." Ta naɗe zarenta ta ajiye, ta dubi ɗanta ta ce ya ɗauko mata tukunyarta da ƙyastun hura wuta. Ya ce, "Inna, da girman nan naki, ga hadari?" Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Kai kuma mai kunnuwa, jakin naka na ado ne?"

An ce hanyar Danja ba lafiya, an ga sawun dawakin mahara, don haka muka zaga ta Funtuwa. 'Yan gidaje ne a gindin duwatsu, ba za ka ce gari ba, amma matansu sun iya fura, har Gwaggo da ba ta yabon komai ta nemi ƙari. A kan jaki kuwa kamar an dasa ta. Dabbar da ta kayar da malami, ita ko tuntuɓe ba ta yi da ita ba. Tana tafe tana gyara mana tafiya, ni wai ina jan ƙafa, Jibo wai numfashinsa na tsorata jaki. In muka ce a huta sai ta tambaye mu ko hadarin ma ya ce zai huta.

Tsakanin Funtuwa da Bakori ruwa ya same mu. Ba yayyafi ba, ruwa na sosai mai ta da ƙamshin ƙasa. Muka raɓe gindin wata tsamiya, ina jin mata na guɗa daga ƙauyen da ke kusa. Jibo ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannun riga, ƙaton mutum yana kuka. Ni ma na zauna kusa da shi. Duk wahalar nan, a ce muna dab da gida za a kayar da mu. Gwaggo ta leƙa ta dubi sama ta ce, "Ku manoman ina ne? Ruwan farko ba ya game ƙasa, ya jiƙa wannan gona ya tsallake waccan. Sarkinku cewa ya yi in ya sauka a garin, bai ce a hanya ba. Ku tashi." Muka tashi muna tsoma ƙafa a ruwa. Bayan mun wuce Bakori muka gamu da wani mai itace daga gabas, ƙafarsa fari fat da ƙura, itacensa a bushe. Na rungume shi, bawan Allah ya zaci taɓin hankali gare ni.

Mun hango ganuwar Gozaki bayan La'asar, hadari baƙi ƙirin yana tunkaro garin ta gabas, mu ta yamma. Kafin mu kai unguwa labari ya riga mu, har Sarki ya fito. Muka tarar an share zauren Malam, an tara itace a tsakiya. Dattawa suka tare mu da murna, suka ce da suka ga mun daɗe sun yi dabara. Sun daidaita da Sarkin Marina, a bar zaure tun da nan Malam ke zama da baƙi, shi kuma ya ɗauki bayan gida, ai ba komai a can sai ɓaraguzai. Har ya kafa turaku inda za a haƙa. Suna faɗa suna jiran a yaba musu.

Gwaggo ko kallon itacen ba ta yi ba. Ta sauka ta ratsa zauren da tukunyarta, ta taka ɓaraguzai har ƙuryar gida, jama'a na biye. Sarkin Marina na tsaye a can tsakanin turakunsa, kusa da wani guntun bango. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ɗaga ƙafarka. A kan cibiyar Malam kake tsaye." Ya yi tsalle gefe kamar ya taka garwashi, yana rantsuwa bai sani ba. Ta nuna guntun bangon ta ce nan ne ɗakin da aka haife shi, nan kuma yake shigewa in waƙa ta zo masa, zaure na masu surutu ne. Ta juya wajen Sarki ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, an ce ka ce kafin ruwa. Ruwa ya sauka?"

Sarki ya dubi sama ya ce, "Bai sauka ba, Gwaggo. Magana tana nan."

Ta jawo duwatsu ta kafa murhu. Na ciro abduga daga jakata na ba ta, ta buga ƙyastu. Iskar hadari ta taso ta kashe. Ta sake, ta kashe. Wani ya ce a ɗebo garwashi daga maƙwabta, ta ce ba wutar aro ta zo hurawa ba. Sai matan unguwa, ba wanda ya ce musu, suka kewaye ta suka ware mayafansu suka tare iskar. Abduga ta kama, ta sa guntayen kara, wuta ta ɗan tashi. Amma itace yana can zaure, mutane sun cushe hanya, kara kuwa yanzu-yanzu zai cinye. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu.

Sarkin Marina ya sunkuya ya tumɓuke turken da ke gabansa, ya karya shi a gwiwa ya miƙa ta tsakanin mata. Ya bi sauran yana tumɓukewa yana miƙawa. Busasshen itace ne, nan da nan ya kama. Hayaƙi ya miƙe ya wuce katanga, duk unguwa na gani. Sarki ya ce, "Na ga hayaƙi. Gida yana da mai shi, daga zaure har ƙurya." Bai rufe baki ba ruwa ya kece. Mata suka ɗauki guɗa, Jibo ya ɗaga muryarsa da waƙar Malam ta godiya, gari ya amsa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da aka haifa mini ɗan fari.

Sauran kun sani, tun da da ku aka yi. Kun ɗauki ƙasa a gayyar da aka ta da ɗakin, kun ga katsi, tokar ramin rini, da marina suka aiko aka yi wa soro shafen laso da shi, kuna kuma ganin baƙi na sauka daga nesa suna tambayar hanyar gidan. Abin da ba ku gani ba shi ne bayan kowa ya watse neman mafaka. Ni na tsaya don in kama Gwaggo mu shiga zaure. Ta ƙi tashi. Ta ɗora tukunyarta a kan murhun, ta kare wutar da faifai, ruwa na zuba a bayanta. Ta manta ina wurin. Na ji ta ce a hankali, da wata murya ba irin wadda ta yi ta yi mana faɗa da ita a hanya ba, "Baba, na dawo. Ga wuta nan na hura." Na tuɓe rigata na riƙe a kanta, muka zauna a nan har ruwan ya ɗauke, wutar ba ta mutu ba.